Fitar sanin halittun teku daga Obhur: abin da na samu a wurin Kaftin

Shagunan nutso da ke bakin Obhur, a arewacin Jidda, kusan duk haja ɗaya suke sayarwa. Su ɗauke ka a jirgi, su kai ka kan wani tsohon jirgin da ya nutse, ku zagaya shi da sauri, a ɗauke ka hoto, a dawo da kai kafin la'asar ta yi sanyi. Shagon da zan yi magana a kansa shi ma yana yin wannan, amma yana da wata fita ta daban da suke kira fitar sanin halittu, kuma saboda ita nake kai musu kuɗina. Ga wanda ya riga ya sami takardar nutso, yana kuma son ya san abin da idonsa ke gani a ƙarƙashin ruwa, wannan fita ta ci kuɗinta. Wanda kuwa manyan kifaye yake nema da hoton da zai sa a Facebook, zai ga kamar an ɓata masa yini ne. Sunan shagon na bar shi, domin akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma na riga na kai wa masu shi baki da baki.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti a nan Jidda. Mutumin Yawuri ne, dangin mahaifiyata Sarkawa, saboda haka ruwa ba baƙona ba ne. Sai dai nutson kogin Neja da hannu ake yin sa, ido ba ya aiki a cikin jan ruwa. Bahar Maliya kuwa babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba laka a cikinta, shi ya sa take garau, har kana iya hango abokin tafiyarka daga nesa. Rashin kogin da zafin rana su suka sa gishirinta ya yi yawa, wajen giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Mai nutso yana jin wannan a jikinsa, don ruwan yana ɗaga mutum sama, sai an ƙara masa dalma a ɗamara kafin ya sauka yadda ya kamata. Wanda ya koyi nutso a tafki ko a wurin ninƙaya na otal ya faɗa musu tun a shago, su gwada masa nauyi kafin a bar gaɓa.

Yin rajista ba wahala. Ta WhatsApp ake yi, amma sai ka aika hoton iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ko fasfo kwanaki kafin ranar, domin jirgi ba ya fita sai jami'an tsaron iyakar ruwa sun ga sunayen waɗanda ke cikinsa. Ranar tafiya kuma ka riƙe ta asalin a aljihu. Sun nemi ganin takardar nutso ta kowa, sun tambayi yaushe rabon mutum da ruwa. Ɗan ƙanwata da na tafi da shi sabon hannu ne, takardarsa ta matakin farko ce ta PADI (ƙungiyar da ke horar da masu nutso), wadda iyakarta mita 18, kuma sun rubuta hakan a gaban sunansa ba tare da na tuna musu ba. Wannan ya kwantar mini da hankali tun kafin in ga jirgin.

Abin da ya ɗaga darajar fitar dai mutum ɗaya ne, malamin da ke jagorantarta. A nan kowane malamin nutso Kaftin ake ce masa, ni ma haka nake kiran sa. Haifaffen Port Sudan ne, jikan Hausawan da suka biyo hanyar hajji ta ƙasa suka zauna a Sudan. Hausarsa tana nan daram, sai dai Larabci yana ratsa ta, kuma akwai kalmomin da rabona da jin su tun bakin kakata. Ya yi shekaru yana aiki a jiragen da ke kai baƙi Sanganeb, tsibirin murjanin nan mai hasumiyar fitila da UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016, da Sha'ab Rumi, inda masanin teku Bafaranshe Jacques Cousteau ya kafa gidajen ƙarƙashin ruwa a 1963 mutanensa suka zauna a ciki wajen wata guda, da kuma Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da gangan a 1940 da lodin bama-bamai. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ya tsallako wannan gaɓar. Da ya ji muna Hausa ni da yaron a bakin jirgi, ya ajiye tukunyar iskar da ke hannunsa ya zo muka gaisa gaisuwa ta gida, har da tambayar mutanen Yawuri da bai taɓa gani ba.

Bayaninsa kafin shiga ruwa ya fi na kowa tsawo, kuma babu ɓata lokaci a ciki. Ya fara da na tsaro: tukunya tana cike da bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), duk wanda agogonsa ya kai 100 ya nuna masa, a 50 kowa ya kama hanyar sama, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Ya kalli yaron ya ce, "Ɗana, abin da ke bayanka iska ce irin wadda kake shaƙa yanzu, matse ta kawai aka yi. A mita 10 nauyin da ke kanka ya ninka na nan sau biyu, iskar ma sau biyu za ka riƙa cin ta. Kada ka riƙe numfashi ko da wasa, musamman in kana hawa." Sannan ya raba mana alluna na roba da fensir, da katuna masu hotuna da aka lulluɓe da leda, ya ce yau ba kifi muka zo kallo ba, kifi zai kawo kansa. Soso muka zo nema.

Da yawa daga cikin masu nutso suna wuce soson teku suna zaton dutse ne ko tsiro. Dabba ce, kuma tana cikin mafi daɗewa a duniya. Ba ta da baki, ba ta da ciki, ba ta da zuciya ko ƙwaƙwalwa. Jikinta duk ƙananan ƙofofi ne da ruwa ke shiga, a ciki akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi guda da ke kaɗawa ba tsayawa, su ke jan ruwan, su tace ƙwayoyin bakteriya da ɓurɓushin abinci, sannan ruwan ya fita ta babbar ƙofa. Abin da ke riƙe da jikin ƙananan ƙayoyi ne na silika ko na alli, ko wani zare mai taushi, ko duka biyun. An san fiye da nau'i 8,000. Na karanta wannan duka a makaranta, na ci jarrabawa a kai, amma ban taɓa ganin tacewar da idona ba sai a wurin Kaftin.

A wajen mita 14 ne, a gindin wani bangon murjani. Ya tsayar da mu gaban wani soso mai kama da randa, launin ƙasa-ƙasa, bayansa duk tudu da kwari, bakinsa a buɗe yana kallon sama. Irin wanda masana ke kira Xestospongia. Ya yi mana alama mu daidaita iskar rigunanmu mu tsaya cak a ruwa, kada takalmin kowa ya taɓa yashi. Ya zaro sirinji marar allura cike da koren rini, irin wanda likitan ido ke ɗigawa don duba ciwo, ya fesa shi a hankali a gindin soson ta waje, bai taɓa jikinsa ba. Rinin ya ɗan tsaya, sai muka ga yana shigewa cikin bangon soson yana ɓacewa. Ban gama numfashi uku ba sai ga shi ya turnuƙo ta babban bakin, kore shar, yana miƙewa sama da ƙarfi. Abin da na ɗauka a zaune yake ba ya komai, ashe aiki yake yi dare da rana. Yaron ya kama hannuna ya matse. Da muka fito abin da ya fara cewa shi ne, "Kawu, ashe da rai!" Soso yana iya tace ruwan da ya ninka girman jikinsa sau dubbai a yini ɗaya, kuma wanda ya ga ƙarfin fitar wannan rinin ba zai yi musun lissafin ba.

Abu na biyu da ya nuna mana yana buƙatar tocila, ko da rana ce tsaka. Ruwa yana shanye jan launi tun daga 'yan mitocin farko, saboda haka duk abin da yake ja a ƙasa baƙi-baƙi yake bayyana. Ya kai mu wurin wani soso mai rassa, duhu-duhu, wanda da ni kaɗai ne da na wuce shi. Ya haska. Ja ne wur. Sunansa Negombata magnifica, kuma ɗan gida ne a Bahar Maliya. Kifaye ba sa kusantar sa saboda gubar da ke jikinsa. Kaftin ya matsar da hasken zuwa ƙasan wani reshe, sai ga wata 'yar katantanwa marar ɓawo, ba ta kai tsawon yatsa ba, bayanta ratsin baƙi da shuɗi mai haske, gefenta ruwan lemo da fari, da 'yan ƙahoni biyu a gaba da tuntun numfashi a baya yana motsi. Chromodoris quadricolor ke nan. Wannan soson mai guba shi ne abincinta, tana ci tana tara gubar a jikinta, launinta kuma gargaɗi ne ga duk kifin da ya yi sha'awar ta. A jikin reshen ana ganin inda ta kankare ta wuce. Mun daɗe a wurin, babu wanda Kaftin ya hanzarta.

Wannan gubar, latrunculin, ta shafi irin aikina. Tun shekarun 1980 masu bincike ke amfani da ita a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya don wargaza zaren da ke riƙe da siffar ƙwayar halitta, su ga yadda take aiki. Ba ita kaɗai ba ce. Maganin cytarabine da ake ba masu sankarar jini, daga sinadaran da aka gano a wani soson tekun Karibiyan a shekarun 1950 aka samo hanyar haɗa shi. Eribulin na sankarar mama, wanda Amurka ta amince da shi a 2010, an kwaikwayo shi ne daga sinadarin wani soso na gaɓar Japan. Ina ganin jinin marasa lafiyar da ke kan irin waɗannan magunguna a wurin aiki. Dabbar da ba ta iya gudu ba dole ta kare kanta da sinadari, kuma daga wannan kariyar Allah ya fitar wa mutane da waraka. Tun da na ga jan soson nan a mazauninsa nake kallon takardun gwajin da wani ido.

Kaftin ya koya mana yadda ake raba soso da abubuwan da ke kama da shi, kuma hanyarsa mai sauƙi ce. Ka kaɗa ruwa da tafin hannu daga nesa. In ƙofofin suka tsuke nan take, ba soso ba ne, wata dabba ce mai ƙofa biyu da ke fesar da ruwa, domin soso ba shi da wannan hanzarin. In ka ga ƙananan bakuna masu hannuwa takwas-takwas, murjani ne mai laushi. In ka ga ƙananan huji masu launi a jikin dutsen murjani, akwai soson da ke huda alli ya zauna a ciki. A allo kuma ya ce mu riƙa rubuta siffa, launi a ƙarƙashin tocila, zurfi, inda ƙofofin suke, da ko a rana yake ko a inuwar kogo.

Inda ya ƙara girma a idona shi ne inda ya tsaya. Na nuna masa wani soso ruwan ɗorawa da na zana a allona, na ce mene ne sunansa. Ya duba ya ce, "Malam, zan iya ce maka daga wane gida ya fito, amma in na sa masa suna na yi maka ƙarya. Kai ma ka sani, sai an narkar da tsokar an duba ƙayoyin a madubin gwaji." Gaskiya ya faɗa. Soso iri ɗaya yana canza siffa da launi gwargwadon ƙarfin igiyar ruwa da haske, iri biyu mabambanta kuma suna iya yin kama har ka rantse ɗaya ne. Na ga jagorori da dama da ke jefa sunan Latin a kan duk abin da aka nuna musu don kada a ce ba su sani ba. Yaron ya ce to me zai hana a yanko ɗan kaɗan Kawu ya duba a wurin aiki? Kaftin ya ce a'a, ɗibar samfuri aikin masu izini ne, irin masu bincike na jami'ar KAUST da ke Thuwal da na sashen kimiyyar teku na Jami'ar Sarki Abdul'aziz, kuma a jirginsa ko ɓawon katantanwa ba a fitowa da shi. Safar hannu ma ba ya so a sa, don ya lura mai safa shi ke yawan taɓe-taɓe. Wasu soso suna sa ƙaiƙayi da kumburi, ga murjanin wuta, ga kifin dutse da ke kwance ba ka gane shi.

Kifi kuwa ya kawo kansa kamar yadda ya ce. Mun ga wani faffaɗan kifi mai doguwar jela da ɗigon shuɗi kwance a ƙarƙashin dutse, da 'yan kifayen nan masu ratsi biyu da ke zama cikin hannuwan anemoni (wata dabbar teku mai kama da fure), da kunkurun teku mai baki irin na shaho yana yagar soso a jikin bango, wanda shi ne babban abincinsa.

Yanzu ƙorafi. Kayan haya na shagon sun gaji. Abin bakin da aka ba yaron duk an tauna robarsa, kuma tukunyata tana tsiyayar iska a wuya saboda zoben roba ya mutu. Kaftin ya canza duka biyun kafin mu shiga, da kayan gyaran da ke jakarsa ta kansa, amma wannan aikin shago ne, ya kamata a gama shi tun daren jiya. Wanda zai yi haya ya je da wuri, ya haɗa kayansa da hannunsa, ya buɗe iska ya saurara, ya shaƙa daga bututun biyu, ya hura rigar ya ga ko tana riƙewa.

Na biyu ya fi ci mini rai. Shagon yana haɗa ƙungiya biyu a jirgi ɗaya don cika kujeru, mu masu kallon halittu da masu zuwa ganin nutsattsen jirgi. Su suna son wuri mai zurfi, mu muna son bango marar zurfi mai haske, sai a yi ta ja-in-ja a kan inda za a tsaya. A nutso na biyu wani mai babbar kyamara daga cikinsu ya kwanta male-male a kan murjani don ya sami hoto, takalminsa ya karya reshen soso mai bututu, ya tayar da yashi ya rufe wurin. Yashi yana toshe ƙofofin soso, abin da ke numfashi da ci ta waɗannan ƙofofin. Jagoransu yana kallo bai ce uffan ba. Kaftin ne ya je ya ɗago shi, a kan jirgi kuma ya yi masa magana cikin ladabi. Shagon da ke tallar fitar sanin halittu bai kamata ya bar ma'aikacinsa ɗaya yana gini ɗaya yana rushewa ba. Na faɗa wa manajan haka, ya ce za su duba.

Sauran ƙanana ne. An ce a hallara ƙarfe bakwai, jirgi bai tashi ba sai da rana ta ɗaga sosai, ana jiran waɗanda suka makara. Ruwan sha a ƙananan robobi ake rabawa, iska tana kwasar su zuwa teku, alhali babbar jarka ɗaya da kofuna sun wadatar. Katunan hotunan da Turanci kawai suke, ko Larabci babu, don haka wanda ba ya jin Turanci ya dogara ne kacokan ga bakin Kaftin.

Abin da suka kyauta a jirgin shi ma a faɗe shi. Akwai tukunyar iskar oksijin ta gaggawa da akwatin magani, an nuna mana inda suke. Ana kiran suna ɗaya-ɗaya bayan kowane nutso kafin a tayar da inji. An ba da hutun da ya wuce awa guda tsakanin nutso biyu. Abincin rana shinkafa ce da kaza, da zafinta, sai shayi da dabino. Da azahar ta yi matuƙin ya nuna mana alƙibla, aka share wuri a gaban jirgi muka yi salla cikin natsuwa. Akwai mata masu nutso a cikinmu, da rigunansu masu rufe jiki har kai, an ware musu ɗakin canza kaya, kuma shagon yana da malama mace ga wadda ta fi son haka. 'Yan'uwa mata da ke tambayata ko akwai sutura a wannan harka, akwai.

Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai albashi irin nawa, kuma hayar kaya daban take da kuɗin jirgi, don haka a tambayi jimla tun a waya. A tambaya kuma ko Kaftin ne zai jagoranci fitar ranar, da mutum nawa za su bi shi, domin in sun wuce shida na baya ba zai ga komai ba sai ƙurar na gaba. Wanda bai iya tsayawa cak a ruwa ba tukuna ya fara gyara wannan, don duk fitar a kan tsayawa take. Mai jiri a jirgi ya sha maganinsa kafin a tashi, tekun tana yin rawa da rana in iskar arewa ta taso. Watannin sanyi sun fi daɗin zama a jirgi, sai dai a sa rigar roba, domin mai kallon soso ba ya motsi da yawa, sanyi yana saurin kama shi.

Ga 'yan'uwa masu zuwa Umara da ke son su raɓa Jidda su yi nutso kafin komawa gida, a lissafa lokacin jirgin sama da kyau. Bayan nutso biyu a yini ɗaya ana buƙatar aƙalla awa 18 kafin a hau jirgi, saboda iskar naitirojin da jiki ya sha tana bukatar lokaci ta fita, yawancin malamai ma yini guda cur suke cewa. Hawan dutsen Ta'if a mota ran nan shi ma, saboda tsayinsa, a bar shi sai gobe.